Yadda muka kai Inna Madina a jirgin ƙasan Haramain

Inna ta iso Jidda a watan Rabi'ul Awwal, da akwati ɗaya da ƙullin maganin sukari, bayan shekara shida ban sa ta a ido ba. Mu 'yan Mai Wurno ne, garin nan na bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ni aure ya kawo ni Jidda. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, Inna ta ce ba inda za ta. Sai da wutar ta ci har jihar Sinnar a tsakiyar 2024 sannan Yaya ya ɗauke ta, suka bi ta Gadarif da Kasala suka sauka Bur Sudan. Can ta zauna a ɗaki ɗaya da jikoki, mu kuma nan muna ta fama da takardun bizar ziyara ta iyali. Ranar da biza ta fito na kira ta ina kuka, ita kuwa abin da ta ce mini kawai shi ne, "'Yar nan, ni dai ku kai ni in yi wa Manzon Allah sallama. Sauran duk mai sauƙi ne."

Matan unguwarmu da yawa sun tambaye ni ko jirgin ƙasan nan na Haramain, mai zirga-zirga tsakanin Makka da Madina ta Jidda, ya cancanci kuɗinsa ga mai iyali, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani. Mu bakwai ne: ni da Maigida da Inna, samari biyu masu shekara 17 da 15, yarinya 'yar shekara 7, sai auta da ba ta cika shekara biyu ba. Maigida ma'aikacin shagon kayan wuta ne, albashinsa sananne ne, kowane riyal sai an san inda ya shiga.

Kafin maganar jirgin ƙasa, akwai ta tsallako teku. A lokacin, daga Sudan zuwa Jidda hanya biyu ce: ko jirgin ruwa daga Sawakin, wanda ake kwana a cikinsa, ko jirgin sama daga Bur Sudan, wanda bai fi awa guda a sama ba. Da aka rufe filin jirgin Hartum a farkon yaƙi a 2023, kusan kowa Bur Sudan ya koma. Jirgin ruwa ya fi sauƙin kuɗi, kuma ya fi ɗaukar kaya, mai ƙarfi a jika da kaya niƙi-niƙi ba zan hana shi ba. Amma Inna gwiwoyinta sun ƙi, ga sukari, ga jiran da ake yi a tashar jirgin ruwa cikin rana kafin a shiga. Muka yanke shawarar jirgin sama. Abin da ya ɓata mini rai a nan wani dillalin tikiti ne da Yaya ya je wurinsa. Ya nuna masa tikiti mai araha, bai gaya masa cewa nauyin kayan da aka yarda da shi kaɗan ne ba. Sai a filin jirgi aka ce a rage, Inna ta tsuguna a gaban mutane tana fitar da kuɓewa busasshiya da soɓorodo da garin dawa da ta ɗauko mini tun daga Gadarif. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Duk mai saya wa tsohuwarsa tikiti daga nesa, ya sa a karanta masa kilo nawa aka rubuta a jikin tikitin, kuma akwati nawa, kafin ya tura kuɗi.

Ta huta kwana tara a gida. Ƙafafunta da suka kumbura suka saɓe, ta fara cin abinci sosai, sannan muka zauna lissafin Madina.

Daga Jidda zuwa Madina tafiyar kilomita 400 da 'yan kai ce. A ƙaramar mota awa huɗu zuwa biyar, a bas ya fi haka saboda tsaye-tsaye. Jirgin ƙasa kuwa wajen awa biyu. Tikitin babba a taragon talakawa ya haura riyal 100 zuwa kaɗai, kuma samarin nan biyu kuɗin manya ake biya musu. Da Maigida ya buga lissafin mu duka zuwa da dawowa, ya ga ya wuce riyal 1,000 tun ba a yi maganar masauki da abinci ba. Ya ajiye wayar ya yi shiru. Na san wannan shirun.

Ni na kawo shawarar mu rabu biyu. Shi da samari su bi bas ɗin dare da manyan akwatuna, su isa da asuba su karɓi makullin masauki. Ni da Inna da ƙanana biyu mu hau jirgin ƙasa da hantsi. Da farko bai so ba, ya ce, "Maman yara, ke kaɗai da tsohuwa da goyo?" Na ce masa awa biyu ce, kuma ƙaninsa zai kai mu har tasha, shi kuma ya tare mu a can. A ƙarshe ya yarda. Wannan rabuwa ita ce ta sa tafiyar ta yiwu, kuma ita ce shawarar da nake ba duk wadda ta tambaye ni: kuɗin jin daɗin a kashe shi kan wanda jikinsa ba zai ɗauki wahala ba, masu jini a jika su ɗauki doguwar hanya. Samarina ba abin da bas ya rage su da shi, barcinsu suka sha har Madina.

Tikitin a waya na saya, ta manhajarsu, kwana shida kafin tafiya. Ana buƙatar lambar iƙama, wato katin izinin zama, ga mazauni, baƙo kuma lambar fasfo, kuma sunan ya zo daidai da yadda yake a takarda. Na Inna sai da na duba sau uku, don sunayenmu na Sudan dogaye ne, suna da na uba da na kaka da na kakan kaka. 'Yar shekara bakwai an yi mata ragin yara. Auta a cinyata ta zauna, amma ita ma sai da aka sa ta a tikiti, kuɗinta kaɗan ne. Na biya da katin Mada, katin banki na nan Saudiyya, tikitin ya shigo waya nan take. Abin da na lura da shi: jiragen Alhamis da yamma da na Juma'a da Asabar su ne ke saurin cika, don lokacin hutun mako ne a nan. Mu Litinin muka zaɓa, kujeru birjik, na zaɓar mana kusa da ƙofa da banɗaki saboda Inna. A kula wajen zaɓen kujera, wasu suna kallon inda aka dosa, wasu suna kallon baya. Mai saurin jiri ya nemi masu kallon gaba.

A Jidda tashoshin biyu ne, ɗaya a Sulaimaniyya cikin gari, ɗaya a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, manne da sabon ginin sauka da tashi. Wanda jirginsa ya sauka a wannan sabon ginin zai iya jan akwatinsa da ƙafa har bakin jirgin ƙasa ya wuce Madina ko Makka kai tsaye. Wanda ya sauka a ginin arewa ko na alhazai kuwa sai ya hau mota tukuna, ya sa wannan a lissafin lokacinsa. Mu Sulaimaniyya ta fi mana kusa.

Mun isa saura minti hamsin. Ban yi nadamar sammakon ba, domin tashar babba ce ƙwarai, kuma tafiyar tsohuwa daban take. Ana saka kaya a na'urar bincike kamar a filin jirgin sama, sannan a nuna tikitin waya a ƙofa. Inna ta taka kaɗan ta tsaya ta dafa bango. Wata ma'aikaciya, yarinya ce Balarabiya, ta hango mu, ta zo ta ce, "Ya hala, in kawo miki arabiyya?" Keken turawa ke nan, haka ake kiransa a nan. Inna ta amsa mata da Larabcinta na Sudan, yarinyar ta yi murmushi ta tafi ta dawo da keken da wani saurayi mai turawa. Shi ya kai mu ta lif har bakin tarago, bai karɓi ko sisi ba duk da Inna ta kwance bakin mayafi za ta ba shi.

Abin da ya fi burge ni a jirgin nan ƙaramin abu ne da mai lafiya ba zai ma lura da shi ba: ƙasan taragon daidai yake da daɓen tasha. Ba matakala. Inna ta tashi daga keke, ta riƙe hannuna, taku biyu ta shiga. Wanda ya taɓa ɗaga tsohuwa mai ciwon gwiwa zuwa cikin bas, mutum biyu na ja ta sama, ɗaya na turawa ta ƙasa, ita kuma tana jin kunyar mutanen da ke jira a bayanta, shi zai gane abin da nake nufi. Ranar nan Inna da mutuncinta ta shiga.

'Yata kuwa hancin jirgin ne ya ɗauke mata hankali. Dogo ne shimfiɗaɗɗe, ta ce, "Umma, bakin agwagwa!" Daga baya babban wanta ya gaya mata cewa a Sifaniya ma, inda kamfanin Talgo ya ƙera shi, agwagwa suke yi masa laƙabi. Ta yi kwana uku tana ba kowa labari. Layin gaba ɗaya kilomita 450 ne daga Makka zuwa Madina, tashoshi biyar, an buɗe shi ga jama'a a Oktoban 2018, kuma kowane jirgi yana ɗaukar mutum 417. Shekarun nan duk ina Jidda ina ganinsa yana wucewa ta gefen babban titi, ban taɓa shiga ba sai dalilin Inna.

Ya tashi a kan mintinsa. Cikin gari a hankali yake tafiya, sai da muka bar Jidda ya saki jiki. Akwai allo a saman ƙofa mai nuna gudun da ake yi, 'yata ta tsaya tana karanta wa kakarta lambobin: 200, 250, 280, har 300. Na zuba wa Inna shayi a murfin fulas na ajiye a kan ɗan teburin gabanta, shayin ko karkacewa bai yi ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kalli taga, motocin da ke kan titi kamar a tsaye suke. Ba ta ce komai ba sai tasbihi. Mun tsaya 'yan mintoci a tashar birnin Sarki Abdullahi da ke wajen Rabig, daga nan sai rairayi da duwatsu, can gaba kuma baƙaƙen duwatsun nan na kusa da Madina.

A nan ne ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Kakanta, wanda ya baro ƙasar Sakkwato yana yaro a bayan iyayensa, ya yi noman auduga shekaru a yankin Jazira na Sudan yana tara guzuri, ya tsallaka daga Sawakin a jirgin ruwa na katako, ya yi Hajji, sannan ya bi ayarin raƙuma zuwa Madina. Ta ce kusan mako biyu suka yi a hanya, kuma a hanyar nan ya binne abokin tafiyarsa. Ta ce, "Ko ta wane dutse suka bi, Allah masani." Sai ta sa goshinta a jikin gilashi tana duban duwatsun ɗaya bayan ɗaya kamar za ta gane wurin. Na ƙyale ta. Auta na barci a ƙirjina, sanyin na'ura na kaɗawa, na ja bargon goyo na rufa wa Inna ƙafafu. A tafi da abin rufa, sanyin cikin yana da ƙarfi ga tsoho da jariri.

Banɗakin tsaf yake, kuma da faɗin da zan iya shiga in taimaka mata. Ga mai sukari wannan ba ƙaramin abu ba ne. A bas sai a jira direba ya ga damar tsayawa. Akwai taragon da ake sayar da shayi da ɗan abin taɓawa, mu dai da guzurinmu muka tafi, gurasa da dafaffen ƙwai da dabino, ba wanda ya hana mu ci. Taragon manya, mai kujeru masu faɗi, na leƙa shi da zan wuce. Yana da kyau, amma ga tafiyar awa biyu ban ga abin da zai sa mai iyali ya ƙara kuɗi ba, kujerun talakawan ma sun wadatar.

Tashar Madina tana wajen gari, akwai 'yar tafiya kafin Harami, ba a zuwa da ƙafa. Akwai bas-bas na gari da ke kai mutane kusa da masallaci a kan kuɗi kaɗan, akwai tasi, akwai na manhaja irin su Careem da Uber. Maigida yana tsaye a bakin fita, idonsa ja saboda kwanan bas. Kafin mu ƙarasa wurinsa wani ɗan kaddada, masu kabu-kabu da motar gida, ya tare ni ya faɗi wani kuɗi da ya ninka na manhaja, yana cewa wai babu wata mota yanzu. Ganin mace da tsohuwa da goyo ne. Maigida ya zo ya sallame shi, muka kira ta waya. Kuɗin motar nan ta kai da kawowa a tashoshi biyu, dole a haɗa shi cikin lissafin tikiti tun a gida, don shi ne abin da mutane ke mantawa sai su ga kuɗi ya ƙare ba su san ta ina ba.

Kwana huɗu muka yi a Madina. Izinin shiga Rauda na nema mana a manhajar Nusuk tun muna Jidda, mata da lokacinsu daban. Abin da ya faru a can tsakanin Inna da Ubangijinta ne, ba zan rubuta ba. Mun je Ƙuba, mun je Uhudu, mun sayi dabinon ajwa.

Dawowa kuwa dukanmu muka hau jirgi, kuma Makka muka nufa don Umra. Dalili biyu ne. Maigida ya yi wa samari alkawari, sannan wanda zai sauka ya shiga ɗawafi da sa'ayi gara ya isa da ƙarfinsa. Madina zuwa Makka awa biyu da kusan minti ashirin ne. A nan akwai abin da ya kamata kowa ya sani tun kafin ranar: jirgin ba ya tsayawa a miƙati. Miƙatin mutanen Madina shi ne Zul Hulaifa, wanda aka fi sani da Bi'ir Ali, kuma yana bakin gari ne, jirgi na tashi ba da jimawa ba an zo daidai da shi. Bas yana tsayawa a can a yi wanka a yi nafila a natse, wannan kam bas ya fi. Mu a masauki muka yi wanka, maza suka ɗaura harami, muka zo tasha a shirye, jirgi na fara tafiya muka yi niyya muka ɗauki talbiyya. Taragon kusan duka fararen kaya ne, 'yan Indunusiya da Turkawa da 'yan Pakistan, da wasu mata biyu da na ji suna Hausar Kano na juya muka gaisa. Talbiyya ta tashi daga ko'ina, kowa da irin harshensa. Inna ta ɗaga murya fiye da yadda na san tana iyawa.

Maganar kaya ita ce inda jirgin nan bai dace da kowa ba. Kowane tikiti akwati ɗaya ne da bai wuce kilo 25 ba, mai matsakaicin girma, da jakar hannu. Irin manyan jakunkunan nan da muke cusa barguna da tukwane da tsaraba, ba wurinsu ba ne. Mu da yake mun san haka, dabinon da muka saya muka rarraba shi cikin akwatin kowa, har 'yar shekara bakwai ta ja nata. Alhajin da ya gama sayayya zai koma gida da kaya ɗaki guda, bas ko motar haya ce tasa, ko ya aika kayan daban.

Tashar Makka a Rusaifa take, 'yan kilomitoci daga Harami, ita ma sai an hau mota. Mu abin ya zo mana da sauƙi, don ƙanwar Maigida tana zaune wajen Shara Mansur, ba nisa, can muka ajiye kaya da auta muka wuce. Inna a arabiyya ta yi ɗawafi da sa'ayi, jikokinta maza suna karɓa-karɓa wajen turawa.

Daga Makka zuwa Jidda ba mu hau jirgi ba, kuma ba na ba mai iyali shawarar ya hau. Tafiyar ba ta fi awa guda a mota ba. In ka haɗa kuɗin mota zuwa Rusaifa, da tikitin mutum bakwai, da wata motar daga Sulaimaniyya zuwa gida, da jiran tasha, ka biya ninki kuma ba ka riga mai mota isa ba. Mota ɗaya muka ɗauka daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Amfanin jirgin nan a doguwar hanyar yake, ta Madina. Mutum ɗaya ko biyu marasa kaya, ko wanda ya sauka a filin jirgi, shi kam gajeriyar ma za ta yi masa.

Sai lokaci. Wanda ke da zaɓi ya kauce wa azumi, musamman goman ƙarshe, don kujeru na ƙarewa da wuri kuma masauki a biranen biyu yana tsada ƙwarai. Mai bizar ziyara kuma ya sani ba a barinsa shiga Makka a lokacin aikin Hajji, kada ya sa tafiyar tsohuwarsa ta faɗa cikin waɗannan makonni. Watannin bayan Maulidi zuwa kafin Rajab, a ganina, sun fi daɗi: zafi ya sauka, kuma tsakiyar mako ana samun wuri.

Yanzu Inna na nan tare da mu, an sabunta mata biza. Tikitin jirgin, da na sa aka buga mata a takarda don ta ce ita ba ta yarda da na cikin waya ba, yana cikin Alƙur'aninta. Jiya bayan Magariba ta kira Maigida ta ce, "Ɗana, in Allah ya sa ƙanwata ta samu fitowa daga Kasala, ita ma a wannan jirgin za ku kai ta, don nata ciwon bayan ya fi nawa." Ya ce, "In sha Allahu, Inna." Ya riga ya fara ware wani abu duk wata, ni kuma na karɓi ɗinkin zannuwan gado guda shida daga wata maƙwabciya.